Kawuna Ya Ajiye Alli, Ya Ɗauki Fatsa

Yau zancen kifi na kawo muku.

Na san wani zai yi dariya. Zai ce, "Malam, mu da ke zaune bisa tudu, ina mu ina kifi?" Gaskiyarka, ɗan uwa. Ƙasarmu ta rairayi ce, ta hatsi da wake da gujiya. Ruwan da muka sani na rijiya ne, shi ma sai da doguwar igiya. Kifin da yawancinmu suka sani shi ne busasshe, wanda ake kasawa ranar kasuwa. To, amma ka yi haƙuri ka karanta. Cikin zancen kifin nan akwai zancen tsufa. Tsufa kuwa yana jiran kowa, in Allah ya ba da kwana.

Ma'aikacin gwamnati yana da ranar da ake ba shi takarda, a ce masa aikinsa ya ƙare. Ita ce ake kira ritaya. Daga nan sai ya riƙa karɓar fansho, wato ɗan kuɗin da ake ba wanda ya ajiye aiki. Manomi ba mai ba shi takarda, ba mai ba shi fansho. Amma shi ma ranarsa tana zuwa. Ita ce ranar da babban ɗa zai karɓi hauya daga hannunsa, ya ce, "Baba, ka huta, mu za mu yi." Magana ce ta ladabi, ɗan kirki ke faɗinta. Amma ku dubi tsofaffin garinku shekara ɗaya ko biyu bayan sun ji ta. Daga tabarmar ƙofar gida sai ta gindin itace, daga can sai masallaci. Ƙafa ta yi nauyi. Barci ya ƙi zuwa da dare, don jiki bai gaji ba. Abu kaɗan sai rai ya ɓaci. Mutumin da jiya shi ke cewa a yi, a bari, yau sai an gama shawara ake gaya masa.

Haka ta faru ga kawuna, wan mahaifiyata. Malamin lakkwal ne. Ya yi fiye da shekara 30 yana koyarwa, gari bayan gari, har ya zama shugaban makaranta. Shi ya riƙe ni, shi ya tura ni makarantar horon malamai a Maraɗi. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, an yi murna, an yanka rago. Ba a yi wata uku ba gidan ya ƙi daɗi. Yakan tashi da asuba ya sa riga kamar mai zuwa aji, sai ya tuna ba inda za shi. Sai ya shiga gyaran abin da bai lalace ba. Ya ƙirga dammunan hatsi, gobe ya sake ƙirgawa. Ya bi samari gona yana duba layin shuka kamar mai duba littafin ɗalibi. Wata rana matarsa ta ja ni gefe, ta ce, "Ɗan nan, ku samo wa kawunku abin yi, kafin ya fara ƙirga mini gishiri." Likita kuma ya auna shi, ya ce jininsa yana hawa, dole ya riƙa motsa jiki.

Ana nan sai ga baƙo. Wani tsohon ɗalibinsa ne, daga wani ƙauye na bakin tabkin Madarunfa inda kawu ya taɓa koyarwa. Ɗan masunta ne, yanzu magidanci, yana da kwalekwalen kansa. Ya kawo bandar kifi, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Da zai tafi ya ce, "Malam, in an gama kaka ka zo ka sha iska kwana biyu." Kawu ya tafi kwana biyu. Sai da ya yi takwas ya dawo.

Bari in gaya muku kaɗan game da tabkin, don da yawa cikinku sunansa kawai suka ji. Yana kudu da Maraɗi, tafiyar da ba ta wuce kilomita 25 ba. In ya cika da damana yakan kai hekta 800. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi. Da rani yana ja da baya ƙwarai, amma ba ruwan wata biyu ba ne irin na bayan garinmu. Gulbin Maraɗi da Gulbin Gabi ke ba shi ruwa. Gulbin Maraɗi kuwa daga ƙasar Katsina yake tasowa, a Najeriya. Ya shigo ƙasarmu, ya bi ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima. A 1989 aka gama madatsar ruwa ta Jibiya a kansa. Tun daga nan, ruwan da ke iso mu ya danganta da sama, ya kuma danganta da abin da aka saki daga Jibiya. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yadda za su raba ruwan da suka haɗa. Kewaye da tabkin akwai kaburburan waliyyai 99 da mutane ke ziyarta. A 2019 aka sa shi cikin jerin Ramsar, wato jerin wuraren ruwa da ƙasashen duniya suka yarda a kiyaye.

Sau biyu na bi su cikin ruwa, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Ana sallame sallar asuba ake fita. Kwalekwalen na katako ne, mutum uku yake ɗauka ba tare da matsi ba. Mai tuƙi yana zaune daga baya da filafili. Kawu yana tsakiya bisa ninkakkiyar tabarma, da malfa a ka. Kayan aikinsa duka za su shiga aljihu, in ban da sanda: zaren roba, ƙugiyoyi manya da ƙanana, ɗan guntun dalma da ke nutsar da ƙugiya, da ɗan totuwar kara da ake ɗaurewa a zare don ya yi yawo bisa ruwa. Sai gwangwani cike da tana, wadda yara suka tono a ƙasa mai laima. Wannan ita ce fatsa.

Mai tuƙi ba ya zuwa tsakiyar tabki. Yana bin gefen ciyawa, ko gindin itacen da ruwa ya ci, don nan kifi ke laɓewa. In an iso sai ya ɗaga filafili, kwalekwale ya tsaya da kansa. Ba a buga katako, ba a ɗaga murya. Kifi yana jin motsi ta cikin ruwa fiye da yadda kake zato. Ai ba banza aka ce kifi na ganinka mai jar koma ba. Kawu ya soka tana, ya jefa, ya zuba wa totuwar nan ido.

Daga motsin totuwa yake gane wanda ya zo. Karfasa tsatsagar tana take yi kaɗan kaɗan, totuwa ta riƙa rawa, ta nutse ta taso. In ka yi gaggawa ka fizga, sai ka ɗago ƙugiya tsirara. Tarwaɗa a ƙasa take kiwo. In ta ɗauka sai ta tafi da shi, totuwa ta nutse gaba ɗaya. Ta fi ci da duhu-duhu, ba ta kuma ƙin hanjin kaza ko fara. Ƙurungu in ka ɗago shi yana gurnani, kuma sai ka yi hankali da ƙayarsa, don in ta soke ka, ranar ba ka ƙara riƙe sanda. Amma wanda kowa ke jira shi ne giwan ruwa. Shi bai damu da tana ba, ɗan kifi mai rai ake sa masa. In ya kama ba ya sallama. Sai ka ji sanda ta lanƙwashe, zare yana kuka. Yakan yi tsalle sama da ruwa yana kaɗa kai don ya yar da ƙugiya. Nan ne ƙarfi ba ya aiki. In ka ja da ƙarfi zare ya tsinke. Sai ka sassauta masa, ka jawo kaɗan, ka sake sassautawa, har ya gaji da kansa. Tsoho mai haƙuri ya fi saurayi mai ƙwanji iya wannan.

Sau da yawa kuwa ba abin da ke zuwa. Rana ta fito, tsuntsaye suna ta sauka bisa ruwa, kukokin bakin tabki suna tsaye, kai kana kallon ɗan kara. Ran da na fara bin su, mun yi kusan awa biyu ba ko motsi. Na ce, "Kawu, ba ka gajiya da shirun nan?" Ya ce, "Yaro, shekara talatin ina magana, yara suna saurare. Yanzu ni ke saurare." Da hantsi ya yi zafi aka juya gida, da karfasa huɗu da tarwaɗa ɗaya. Bayan azahar ya yi barci irin wanda ya daɗe bai yi ba.

Kada ku ce a gida an yi masa barka. A wurinmu fatsa wasan yara ce. Su kuwa sana'ar gado ce, tana da masu ita. Sai aka shiga tsegumi. Wasu suka ce fanshon ne bai isa ba. Wasu suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Ƴaƴansa suka ji kunya. Babban ya same shi ya ce, "Baba, in kifi kake marmari, mu saya maka." Kawu ya ce, "Kifin kasuwa ba ya tashe ni da asuba." Ni dai ina bayan kawu a wannan magana. Mun yarda tsoho ya zauna ya yi dara daga hantsi har la'asar, ba mai cewa komai. Me ya sa zaman kwalekwale zai zama abin kunya? Shi wannan har da tafiya a ƙasa, da iska mai kyau, da ɗan abin miya.

Amma akwai abin da kawu ya yi tun farko, wanda shi ya sa masunta suka karɓe shi. Kafin ya jefa ƙugiya ko sau ɗaya, sai da ya sa aka kai shi wurin Sarkin Ruwa da goronsa, ya nemi izini. Ya kuma je wurin ma'aikatan ruwa da daji ya tambayi abin da doka ta ce. Ƙasarmu tana da doka a kan su tun 1998, an kuma sabunta ta a 2021. Ku lura da wannan da kyau. Abin da kawu ke yi don jin daɗi, shi masunci da shi yake ciyar da iyali. Mai fansho da ya faɗa ruwa ba sallama, daidai yake da wanda ya shiga gonar wani yana karyar dawa don marmari. Kawu ba ya sa koma, ba ya shimfiɗa mamari mai ƙugiya ɗari. Ƙugiya ɗaya, kifi ɗaya. Ba ya kuma sayarwa, don kada ya karya wa kowa kasuwa. Abin da ya kama, rabi na gidan mai masaukinsa ne.

Abin da kawu ke yi ba shi ya fara ba a duniya. A Amurka abu ne sananne. Mutum ya gama aikinsa na shekaru, ya sayi ƙaramin jirgin ruwa, ya riƙa fita fatsa da safe. Wasu har gida suke sakewa, su koma kusa da tabki. Kifin da suka fi nema suna kiransa bas. Kifi ne mai faɗin baki, yana cin ƙananan kifaye da kwaɗi, yana laɓewa cikin ciyawa da gindin itace. Halinsa ya yi kama da na giwan ruwa, har tsallen nan da kaɗa kai, sai dai bai kai shi girma ba ko kusa. Yawanci kilo 1 ne ko 2. Sau da yawa ba tana ta gaske suke sa masa ba. Tanar roba ce, ko ɗan kifin katako da aka yi wa fenti, ana jan shi cikin ruwa kamar mai rai.

Akwai labarin da duk masu fatsar bas suka sani. Ran 2 ga watan Yuni 1932, wani saurayi manomi mai suna George Perry, a jihar Jojiya, ya ga gona ta jiƙe da yawa, ba ta nomuwa. Sai shi da abokinsa suka shiga ɗan jirgin katako, suka tafi wani tabki da ake kira Montgomery, irin tabkin da gulbi kan bari a gefe. Ranar ya kama bas mai kilo 10 da ɗan ɗori. Aka auna, aka rubuta. Shekara 77 ana neman wanda hukumar masu fatsa za ta yarda ya kamo shi, sai a 2009 wani mutumin Japan, Manabu Kurita, ya kama mai nauyi kusan ɗaya a tabkin Biwa, aka ce sun yi kunnen doki. Kun san abin da Perry ya yi da kifinsa? Ya kai gida aka soya, iyali suka ci. Lokacin ana cikin matsi a Amurka, abinci ya je nema.

Daga baya abin ya zama gasa. Wani mai suna Ray Scott ya shirya babbar gasar bas a 1967, ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas a 1968. Masu fatsa suka yi yawa, aka ga in kowa ya kashe abin da ya kama, ruwa zai zama kango. A 1972 ƙungiyar ta shiga kiran mutane su riƙa mai da kifi ruwa da ransa. Aka yi wa jiragen akwati mai ruwa a ciki. Ka kama, ka ajiye a akwati, a auna, a sake shi. Yau akwai jirgin bas da kuɗinsa ya fi na sabuwar mota.

Da na ba masuntan Madarunfa wannan labari, wani dattijo ya girgiza kai, ya ce, "Malam, wannan aikin mai ƙoshi ne." Yana da gaskiya. A garin da yara ke yin mako ba su ga nama ba, ban ce wa kowa ya mai da babban kifi ruwa don ya ɗauki hoto ba. Perry ma bai mayar ba. Amma lissafin da ya tsorata mutanen Amurka shi ne namu: masu kamawa suna ƙaruwa, ruwan ba ya ƙaruwa. Namu ma raguwa yake, don duk damana ruwa yana kwaso rairayi daga gonakin da aka sare wa itace, ya zuba cikin tabki.

Ga dokar da kawu ya kafa wa kansa. Duk kifin da bai kai taƙin hannunsa ba, ruwa yake komawa. Yakan jiƙa hannu tukuna, ya zare ƙugiya a hankali, ya sa shi cikin ruwa, ba ya jefawa. Haka kuma in ya kama karfasa, sai ya leƙa bakinta. Ko kun san karfasa a baki take goyo? Namijin ke share ɗan gurbi a rairayi inda ruwa ba zurfi. Macen ta zuba ƙwai, ta kwashe su a baki, ta riƙe har su ƙyanƙyashe. Ko bayan sun fito, in sun ga abin tsoro bakinta suke komawa. Wanda ya soya irin wannan karfasa, kifi ɗaya ya ci, amma ɗaruruwa ya kashe. Ku da ke ware irin shuka kafin ku fara cin sabon hatsi, ba sai na yi muku dogon bayani ba.

Fatsar tsoho ɗaya ba ta iya ƙarar da tabki. Abin da ke ƙarar da shi na gan shi a garuruwanmu: gidan sauro. An ba mu shi don ya tsare yara daga zazzaɓin cizon sauro, sai wasu suka mai da shi koma. Idonsa ƙanana ne, ba abin da ke tsira, har ƴaƴan kifin da ba su kai yatsa ba. Ga shi kuma da maganin ƙwari a jikinsa. Asara biyu ke nan, yaro ya kwana a waje, tabki ya rasa iri. Masu zuba guba a ruwa kuwa, nasu ya fi muni, doka ma ta hana.

In ana zancen girma, mu ba mu da abin jin kunya gaban Amurka. Giwan ruwa ɗan ƙasa ne a kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, da tabkin Cadi, da kogin Nilu. A Argungu, inda ake bikin su tun 1934, kifin da ya ci gasar 2005 kilo 75 ya yi. Bas ɗin Perry bakwai ke nan da ɗori. A tabki irin na Madarunfa kada ka sa ran haka. Babban da kawu ya taɓa kamawa, tsawon hannunsa ne daga yatsa zuwa kafaɗa, kuma har yau ba mu huta da labarinsa ba. Duk shekara kifin yana ɗan ƙara tsawo.

Yanzu ga abin da ya fi daɗaɗa mini rai, ni malamin yaƙi da jahilci. Kawu yana da littafin rubutu, irin na ƴan makaranta, a cikin leda don kada ya jiƙe. Kowace fita sai ya rubuta: ranar kaza, wuri kaza, iska daga gabas ko daga yamma, kifi iri kaza, tsawonsa kaza. Da fari masunta dariya suke yi. Bayan shekara uku, littafin ya fara magana. Ya nuna cewa da tsananin ɗari karfasa ba ta ci sosai, sai zafi ya fara dawowa. Ya nuna wurin da bara ake saka filafili duka cikin ruwa, bana rabinsa ke taɓa ƙasa. Masunta sun san waɗannan abubuwa, sun ma fi shi sani nesa. Amma nasu a ka yake, in tsoho ya rasu ya tafi da shi. Na kawu ana iya ɗauka a kai gaban hukuma, a ce ga shi.

Mai tuƙa shi ƙanen mai masaukin ne, saurayi da bai taɓa shiga aji ba. Ya ga kawu yana rubutu, ya ce, "Malam, ina ne sunan tarwaɗa a nan?" Kawu ya nuna masa. Daga nan suka ƙulla ciniki. Saurayin yana koya masa ruwa, shi yana koya masa baƙaƙe. Da gawayi suke rubutu a jikin katakon kwalekwale, in ya cika a wanke. Kalmar farko ita ce kifi, baƙi huɗu. Ta biyu ƙugiya. Kawu ya ce masa, "Duba, ƙugiya da ƙ mai ƙugiya ake rubuta ta." Ku da kuka sha wahalar raba k da ƙ a aji, ga dabara na ba ku kyauta. Bana saurayin ne ke riƙe littafin. Rubutunsa manya manya ne, yana hawa yana sauka, amma ana karantawa.

Kada in yi ta yabo in ɓoye muku hatsari. Mu mutanen tudu ba mu iya iyo ba, ruwa kuwa ba ya duba furfura. Kawu ba ya fita shi kaɗai ko da wasa. Ba ya miƙewa tsaye cikin kwalekwale. Da fari jarka ce marar komai, a rufe gam, ake ɗaura masa da igiya. Daga baya ƴaƴansa suka saya masa rigar ruwa a Maraɗi, kuma a nan na gane sun sauko. In hadari ya taso ko iska ta canza, ba a jira a ga ƙarshenta.

Sai tsargiya, ciwon da ke sa fitsarin jini. Ku karanta wannan sau biyu. Mai ciwon ya yi fitsari a tabki, ƙwan tsutsar ya shiga ruwa. Ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin ƴar katantanwar da ke cikin ciyawar bakin ruwa. Daga can tsutsotsi ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, su fito su huda fatar duk wanda ya tsaya cikin ruwan. Ba sai ka sha ba, tsayawa kawai ta isa. Jan fitsari ga yaro ba alamar girma ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani a asibiti. A nan kwalekwale ya fi tsayuwa cikin ruwa, don ƙafar tsoho tana bisa katako. Kawu yana shiga daga busasshen wuri, ya fita a busasshen wuri.

Zancen kuɗi gajere ne. Wani abokinsa ya ba shi shawara ya sayi kwalekwalen kansa. Ya ƙi, kuma ya yi daidai. Jirgin da mai shi ke zaune nesa, rana ce ke cinye shi. Yana biyan mai tuƙi ladansa, yana sayen zare da ƙugiya, sai kuɗin mota. Sau uku ko huɗu yake zuwa a shekara, kwana bakwai bakwai. Tsakanin tafiya da tafiya yana da abin jira, yana da abin gyarawa, yana da labarin ba abokan hira. Matarsa ta ce gishirinta ya tsira.

To, kai manomi da ba ka da fansho, ba ka da ɗalibi a Madarunfa, ina naka a ciki? Dubi bayan garinku. Gulbin Kaba, wanda ya bi ta Gazawa ya nufi Mayahi, yau galibinsa busasshen kwari ne, sai goriba da kaba. Amma nan da can, a gundumominmu, akwai tabkunan da ke riƙe ruwa watanni bayan damana. Wasu ma da kifinsu a ciki ba ku kula ba. Gaiwa tana shaƙar iska kamar mu. In ruwa ya ƙafe sai ta shige laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta kwanta har damana ta dawo. Tarwaɗa ma tana jure ruwa kaɗan. Ma'aikatan ruwa da daji sukan zuba ƴaƴan kifi a tabkin da ya dace, in gari ya nema. Kada dai wani ya ɗauko giwan ruwa da kansa ya zuba. A shekarun 1950 aka sa shi a tabkin Biktoriya, a gabashin Afirka. Kafin shekarun 1980 su ƙare ya cika tabkin, ire-iren ƙananan kifaye masu yawa suka ɓace. Ƙaramin tabkin gari ba wurinsa ba ne, karfasa da tarwaɗa sun fi dacewa.

In an zuba kifi, dole a rufe tabki wasu watanni har su girma. Nan ake faɗuwa. Samari suna gona, ko sun tafi cin rani. Wa zai zauna bakin ruwa ya hana yara shiga da gidan sauro? Wa zai hana a yi fitsari a ciki? Wa ke da bakin da in ya ce a bari, za a bari? Tsofaffin nan ne da muka ce su huta. Su biyu ko uku, da rumfarsu da tabarmarsu da butarsu. In an buɗe tabki, a bar musu gefe guda na fatsa, su da jikokinsu. Ko ba kwalekwale, daga bakin ruwa ma ana jefa ƙugiya. Iyayenmu mata ban sa su cikin wannan lissafi ba, don su har yau ba wanda ya ce musu su huta. Wannan zance ne na wata rana, kuma zan kawo shi.

Ga aikin da na ba ku kafin fitowa ta gaba. In akwai tabki kusa da garinku, ku rubuta sunansa. Ku rubuta watan da yake cika da watan da yake ƙafewa. Ku tambayi tsofaffi kifin da suka taɓa gani a ciki, ku rubuta sunayen yadda suka faɗa, ko da sun bambanta da nawa. Ku ba malamin ajinku takardar, shi zai aiko mana. Wanda hannunsa bai nuna ba tukuna, ya rubuta sunan tabkin kawai, abokin zamansa ya cika sauran.